Abin Da Yatsuna Suka Taɓo A Wuyan Umma

Yau ba na jin zan iya yi muku barkwancin da na saba. In kun ga kuskure a rubutun nan ku yi mini uzuri. Masu cewa "Auta kin cika ja wa bawan Allah rai, ki amsa masa mana," na ga saƙonninku. Ku gyara zama ku ji abin da ya same ni ranar Asabar, sannan ku faɗa mini in ku ne ya za ku yi.

Ga wanda yau ya fara shigowa, ni ce auta a gidanmu, ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya. Abbanmu direban babbar mota ne, kwanansa a hanya ya fi na gida yawa. Yayyena duk sun yi aure sun watse, daga ni sai Umma. Sai kuma Mai Kemis, wanda shagonsa ke bakin titinmu. Shi ne mai sona. Da Mai Kemis kowa ke kiransa a unguwa, ni ma haka na sa masa a waya.

Kada ku ɗauka ba na sonsa. Mutum ne mai sanyin magana, kullum rigarsa a goge, da ɗan tabarau da yake turawa sama da yatsa in kunya ta kama shi. In saƙonsa ya shigo sai na tsinci kaina ina murmushi ni kaɗai kamar wata zautacciya. Abin da nake so kawai shi ne in gama karatu, in ɗan taɓa aiki, in san daɗin albashina. Da Umma ce kan gaba a wannan ra'ayin. Ta sha ce mini, "Ko wane ne ya zo, sai kin riƙo takardarki a hannu." Kwatsam 'yan watannin nan ta juya. Safe maganar aure, rana maganar aure, ko ruwa na miƙa mata sai ta ce, "Da a ɗakinki ne kike miƙa wa mijinki." Na yi ta mamaki, amma na bar shi a kan cewa tsufa ne ya fara taɓa ta.

Ranar Litinin muke da jarrabawar gwaji, irin wadda ake tsayar da ke gaban mara lafiya a ce ki duba shi daga kai har ƙafa, malamai na tsaye a kanki ba mai ko tari. Malamarmu da muke kira Sista Babba ita ce dodon kowa. Kullum maganarta ɗaya: "Ido kafin hannu, hannu kafin na'ura. Wadda ba ta iya kallo ba, ba ta iya jinya ba." Ƙawata da muka yi alkawarin za mu gwada a jikin juna ta turo mini da safe wai baƙi sun yi musu dirar mikiya, ba za ta samu fitowa ba. Haushi kamar in yi kuka.

Ina zaune a falo da doguwar rigata ta zaman gida, ruwan toka, na baje kayan awona a kan tebur, sai ga sallamar Gwaggo, yayar Abba. In kun san Gwaggo kun san ba ta zuwa a banza. Ko mayafi ba ta cire ba ta fara.

"Ke Auta, wai sai yaushe? Yaron nan takalminsa ya kusa cinyewa a ƙofar gidan nan."

"Gwaggo ina kwana."

"Ban kwana ba. Amsa nake so."

Daidai nan wayata ta yi ƙara. Saƙon Mai Kemis ne.

"Ranki ya daɗe Nas, an tashi lafiya? Ya shirin Litinin?"

Na rubuta, "Babu lafiya. Na rasa wanda zan gwada a jikinsa, ga Gwaggo ta zo da yaƙi."

"To ki kama Gwaggon ki auna ta mana, kin ga kin jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya."

Na tuntsire da dariya. Gwaggo ta harare ni ta ce, "Shi ne ko? Kina so kina kaiwa kasuwa."

Shawararsa na bi. Gwaggo kuwa kamar jira take, ta miƙe ƙafafu a kan kujera ta ce in fara da gwiwa. Ban ga tsiyar da ba ta yi mini ba. Na taɓa wuyanta ta ce cakulkuli nake mata. Na haska mata ido ta ce zan makantar da ita. Da na ɗaura mata abin awon jini ya matse, ta ce, "In ya hau ke kika hau da shi, da taurin kanki." Ko rabin abin da nake so ban yi ba, ta ture ni ta ce ta gaji.

"Ga uwarki can, je ki lalube ta. Amarya! Fito ki ba 'yarki aron jiki."

Har yau Amarya take ce wa Umma, duk da jikokin da Umma ta tara.

Umma ta leƙo daga kicin. Tana sanye da wata yalwatacciyar riga mai ruwan ƙasa, ta yafa babban mayafi duk da zafin da ake yi.

"Ni lafiyata lau, Yaya. A bar ni in yi aikina."

"Ai ba don ciwo ba ne Umma," na ce. "Gwaji ne kawai. Don Allah. Wallahi in na faɗi jarrabawar nan sai na maimaita shekara."

Na lura da yadda fuskarta ta canza da na ce shekara. Ta goge hannu a gefen riga. Can ta ce, "In na yarda, yau za ki ba ni amsa a kan yaron nan?"

"Zan ba ki."

"To mu je ɗaki. Ki yi sauri, tukunya na kan wuta."

Gwaggo ta ce ita za ta kula da tukunyar, ta ja jiki ta shige kicin tana mita.

Ɗakin Umma ba abin da ya canza tun ina yarinya. Gado mai shimfiɗa shuɗiya, madubi mai ɗan tsagewa a gefe, ƙamshin man shafawarta. Na ɗage labule don haske ya shigo, na wanke hannu, na murza tafukana su yi ɗumi kamar yadda aka koya mana. Har da 'yar tsokana na yi.

"Sannu Hajiya, ni ce nas ɗin da za ta duba ki yau. Kin ba ni izini?"

"Allah ya shirye ki," ta ce, amma ba ta yi dariya ba.

Na ja da baya na fara da ido. Jama'a, a gida ɗaya muke kwana muke tashi da matar nan, amma sai ranar na kalle ta. Zoben da ke yatsanta na dama, wanda da sai da sabulu yake fita, yanzu yawo yake yi. Kumatunta sun faɗa. Na ja fatar idonta ƙasa, cikin ya yi fari fat kamar takarda. Na kama wuyan hannunta, jijiyar na bugawa da sauri kamar ta wanda ya yi gudu.

"Umma kina cin abinci kuwa?"

"Ina ci mana. Ci gaba."

Na ɗauko abin awon jini na nufi hannunta na hagu, don shi ne ta gefena. Ta janye da sauri.

"Yi a wannan."

"Duk ɗaya ne ai."

"Na ce yi a wannan."

Na yi a na daman. Amma idona ya riga ya sauka a kan na hagun. Ya fi ɗan'uwansa kauri, fatar ta ɗan yi sheƙi, awarwaron da ke jiki ya nutse har ya yi shata. Mutum na ramewa, hannu ɗaya na ƙiba? Na ce wa kaina, ke Auta, ɗalibar kwana nawa ce ke, daina ƙirƙiro ciwo.

Na zagaya bayanta na ce ta sauke mayafin. Ta sauke shi iya kafaɗa. Na fara bin wuyanta da kan yatsuna a hankali, bayan kunne, ƙarƙashin haɓa, gefen wuya, ina neman kaluluwa kamar yadda muke yi a jikin juna a makaranta, inda kullum ba ma samun komai sai dariya. Na gangaro ramin nan da ke saman ƙashin wuya. Dama, babu komai. Na koma hagu.

Sai yatsuna suka tsaya.

Wani abu ne kamar tsakuwa a ƙarƙashin fata. Tauri gare shi. Na ɗan tura shi, bai motsa ba, kamar an kafe shi da ƙusa.

"Da zafi, Umma?"

"Babu."

Wallahi da ta ce da zafi da na ji sanyi. Muryar Sista Babba ce ta faɗo mini tar, ranar da take mana darasin: "Kaluluwa mai zafi, mai laushi, mai gudu a ƙarƙashin yatsa, yawanci jiki ne ke faɗa da wata 'yar cuta. Wadda nake tsoro ita ce mai tauri, mara zafi, wadda ta kafe ta yi shiru."

Na dawo gabanta na ce ta ɗora hannunta a kafaɗata. Na zura yatsuna cikin hammatarta ta hagu. Ba ɗaya ba ne a nan. Sun haɗu sun cure wuri guda kamar an ɗaure su.

Ta kama hannuna ta riƙe gam.

"Ya isa haka. Kin ci jarrabawarki."

"Umma ki buɗe in gani."

"Ke ba ki da kunya ne? Ni na haife ki."

"Na sani. Ki buɗe in gani, don girman Allah."

Muka tsaya muna kallon juna. Daga kicin ina jin Gwaggo na buga murfin tukunya tana 'yar waƙarta. Ban san me Umma ta gani a fuskata ba. Ta sauke ajiyar zuciya, ta juya kai wajen bango, ta zame rigar daga kafaɗar hagu.

Ba zan iya kwatanta muku komai da komai ba, uwata ce. Abin da zan ce kawai, fatar maman ta yi kauri da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemu, kan ya shige ciki, kuma da na ɗora tafin hannuna na ji ƙullutu babba mai tauri. Hoton ciwon dajin mama da ke cikin littafinmu, wanda nake saurin buɗe shafi in wuce don ba na son ganinsa, shi ne a gabana, a jikin matar da ta shayar da ni.

Na zube a ƙasa na dafa gwiwarta.

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

"Umma tun yaushe?"

"Tun yana kamar ƙwayar wake." Ta mayar da rigarta, ta ja mayafin ta rufe har wuya. "Ki rage murya, Gwaggonki na ji."

"Kin je asibiti?"

Ta ce, "Kin tuna Innarki, yayata? Da ƙafarta ta shiga asibiti. Aka yanke, aka yi ta ƙara mata ruwan nan mai zubar da gashi. Ko auren 'yarta ba ta gani ba. Ni ba zan kwanta ba sai na ga an kai ki ɗakinki. In an gama, ku kai ni duk inda kuka ga dama."

Sai a lokacin komai ya warware mini. Ashe ba tsufa ba ne. Duk faɗan da muka yi ta yi, duk kumburin da na yi ta mata ina cewa ta takura mini, ashe mata tana lissafin kwanakinta ne ita kaɗai.

"Inna ta makara ne Umma, shi ya sa. Ba asibiti ne ya kashe ta ba, jinkiri ne. Wannan abin ba ya jiran biki. Kuma ni ba likita ba ce, ban isa in ce ga abin da yake ba, sai an gwada. Mu je yau. Yanzu. In kira Abba..."

Ta damƙi haɓata ta ɗago fuskata. Tun da nake ban taɓa ganin idonta haka ba.

"Ubanki na kan titi da mota mai nauyi. Kina so ki gaya masa ya watsar da kansa a hanya? In kika buɗe baki kika gaya masa, ko shi ko Gwaggonki, ban yafe miki ba."

Kun san nauyin wannan kalmar daga bakin uwa.

"Amarya! Gishirin nan fa ina yake?" Gwaggo ta ƙwalo.

"Ga ni nan, Yaya!" Umma ta amsa da wata murya garau, kamar ba ita ba. Ta miƙe, ta gyara ɗaurin ɗankwali a madubi, ta dube ni ta cikinsa. "Wanke fuskarki. Kuma ina jiran amsata."

Ban wanke ba. Na zari hijabina daga bayan ƙofa, na zura silifas ɗin da na fara samu, wari nawa wari na Umma, na fice. Gwaggo na tambayar ina zuwa, na ce kati zan sayo. Rana ta take, titi cike da masu sayayya da ƙarar babura, amma ni kamar an toshe mini kunne. Mutum ɗaya kawai nake son gani. Na ce shi ya san magani, ya san likitoci, kuma shi ba ta hana ni gaya masa ba.

Na tarar da wata mata a shagon tana sayen maganin tari, ɗanta na jan zaninta. Na tsaya a gefe kusa da firjin allurai ina jira, ina cizon leɓe don kada kukan ya ƙwace. Ya sallame ta, ya juyo da murmushinsa.

"A'a, yau Nas da kanta a..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi fuskata, ya dubi ƙafafuna, murmushin ya ɓace. Ya zagayo ya tura ƙofar shagon ta rufu rabi, ya jawo mini kujera. Ban zauna ba.

"Umma ce," na ce. "Na gwada a jikinta. Na taɓa..."

"Ta bari kin duba ta?"

Na tsaya cak.

Ku lura da kyau. Bai ce me ya same ta ba. Bai ce me kika taɓa ba.

"Me ka ce?"

Ya tura tabaransa sama.

"Ki zauna, don Allah."

"Ka sani?"

Ya sunkuyar da kai. "Ta yi ta zuwa sayen maganin kashe zafi, wai hannunta ke mata nauyi, bayanta na ciwo. Da abin ya yi yawa na ce ba zan ƙara ba ta ba sai ta faɗa mini gaskiya. Da ƙyar na shawo kanta na kai ta aka yi hoto. Likita ya ce sai an ɗebi ɗan nama an gwada, kuma kada a ɓata lokaci. Tun daga ranar ta ƙi komawa. Ba irin roƙon da ban yi mata ba. Ta ce sai bayan aurenki, ta kuma sa na rantse ba zan faɗa ba."

"Kai da ka san abin da jinkiri ke yi? Kullum muna waya, kullum kana tambayata ya karatu, kana ba ni dariya, uwata na ruɓewa a gida?"

"Shi ya sa nake ta matsawa a tsayar da rana. Na ga ita ce kaɗai hanyar da za ta yarda ta je. Wallahi ban taɓa kwana da daɗin abin nan ba."

Na tuna yadda ya fara zuwa gidanmu ba zato ba tsammani, mutumin da shekara da shekaru nake wucewa ta gaban shagonsa daga gaisuwa sai gaisuwa. Na tuna yadda Umma ta karɓe shi hannu bibbiyu tun ranar farko, ba bincike ba komai.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, Malam, kuma kada ka yi mini kwana. Ranar da ka kai ta hoton nan, kafin ka fara zuwa wajena ne ko bayan ka fara?"

Firjin na ta gurnani. Wani ya ƙwanƙwasa ƙofa yana tambayar ko da mutum, ba wanda ya kula shi.

"Kafin ne," ya ce a hankali. "Amma ki bari in yi miki bayani. Ba yadda kike zato..."

Na ɗaga masa hannu. Ba wai ba na son jin bayanin ba ne. Ina so, har yanzu da nake muku rubutun nan ina so, kuma ina tsoronsa. Ko sona yake, ko tausayin mai ciwo ne ya kawo shi ƙofarmu, ban sani ba. Amma a lokacin na ga ba ni da sararin wannan ciwon. Mutum biyu sun rufe abin nan saboda ƙauna, yana ta girma a cikin duhu. In na zama ta uku, to da hannuna za a binne ta.

Na ciro wayata. Yatsana ya yi ta zamewa a kan gilashin saboda gumi.

"Wa za ki kira?" ya tambaya.

Na kara a kunne. Tana shiga, kalmar Umma na yi mini amsa-kuwwa a ka. Na kusa katsewa. Sai na ji an ɗauka, ga rurin inji da iska, ga muryarsa cike da fara'a.

"Autata ta kaina! Yanzu nake zancenki a raina. Lafiya dai ko?"

Na runtse ido, hawayen suka zubo.

"Abba," na ce, "ka samu wuri ka tsayar da motar tukuna. Ka kashe ta. Ina da magana."